Rishon Ɗumama Ɗaki

Kowace shekara, in an gama yankan dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai iska ta juyo daga arewa maso gabas. Ta zo da hazo da ƙura. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su kama mura. Hunturu ke nan. A ƙasar Makoda ya kan yi tsanani cikin watan Disamba da na Janairu. Da rana ba laifi, rana ta kan ɗan gasa jiki. Amma daga tsakar dare zuwa asuba sai wanda ya ji. Ma'aunin zafi, wanda ya kan kai 40 da bazara, ya kan sauko wajen 13, wani daren ma har ƙasa da 10. Mutanen ƙasashen ƙanƙara za su yi mana dariya in sun ji muna kuka da wannan. To, su gidajensu da tufafinsu don sanyi aka yi su. Mu namu don zafi aka yi.

Tun kaka da kakanni muna da dabarun jin ɗumi. Akwai kasko, a zuba garwashi a ciki a shiga da shi ɗaki. Akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda a ke sa wuta, tsoho ko mai jego ya kwanta a bisa. Samari kuwa su kan tara kara a ƙofar gida su hura, su kewaye wuta suna hira har ta cinye. Duk waɗannan mun san su, ba sai an koya mana ba.

Darasinmu na yau a kan wata dabara ce ta daban, watau risho mai aiki da kananzir wanda aka ƙera don ɗumama ɗaki, ba don dafa abinci ba. Mutanen birni su kan ce da shi hita. Bai yawaita a ƙauyukanmu ba, da yawa cikinmu ba su taɓa ganinsa ba. To, me ya sa za mu ɓata lokaci a kansa? Na farko, ya kan shigo cikin kayan gwanjo daga ƙasashen waje, wata rana ɗanka da ke Kano ya gani ya sayo wa tsohuwarsa, ba wanda zai karanta muku takardar da ke jikinsa. Na biyu, wanda ya gane aikin wannan risho ya gane aikin fitila, da rishon girki, da kaskon da ke ɗakinsa. Wuta ɗaya ce, halinta ɗaya.

Kananzir da ɗan'uwansa fetur

Daga ƙarƙashin ƙasa a ke haƙo ɗanyen mai, baƙi ƙirin, mai kauri. A kai shi matata a dafa shi cikin wata doguwar hasumiyar ƙarfe. In ya ɗauki zafi sai ya rarrabu. Mara nauyi ya tashi can sama, shi ne fetur. A ƙasa da shi a sami kananzir, sa'an nan man dizal, can a gindi kuma a bar kwaltar da a ke zuba wa hanya.

Wannan sani ba sabo ba ne. Abubakar al-Razi, babban likitan nan na Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta yadda a ke tace ɗanyen mai har ya yi fari. Amma sai a 1846 wani mutumin Kanada, Abraham Gesner, ya nuna wa jama'a man fitila da ya fitar daga kwal, shi ne kuma ya raɗa masa sunan da muka mai da kananzir. A 1859 aka haƙa rijiyar mai a Amurka, daga nan kananzir ya yi araha ya bazu duniya. Kafin ya iso mana, kakanninmu da man gyaɗa ko man kaɗe su ke kunna fitila, da lagwanin auduga. A Nijeriya an sami mai a Oloibiri a 1956. An buɗe matatar Fatakwal a 1965, ta Kaduna a 1980, ta Ɗangote da ke Legas kuma ta fara aiki a 2024.

Kun ga fetur da kananzir uwa ɗaya uba ɗaya. Amma halinsu ba ɗaya ba ne, ku riƙe wannan da kyau don za mu komo kansa. Fetur ko cikin sanyi yana ta da tururi mai kama wuta. Ƙyastu ɗaya daga nesa ya isa. Kananzir kuwa mai sanyin hali ne. Sai ya yi ɗumi ya kai wajen 38 a ma'aunin zafi kafin tururinsa ya isa kama wuta. Wannan haƙuri nasa shi ya sa a ke iya zama da shi a ɗaki.

Aikin lagwani

Ku ɗauko fitilar ƙwai ku duba. A ƙasa akwai tulun mai. A tsakiya ga lagwani, ƙafarsa cikin mai, kansa a waje. Ga kunnen da a ke murɗawa lagwani ya hau ko ya sauka. Ga 'yan huji kewaye da gindin ƙwai inda iska ke shiga, ga kuma mafita a sama. Rishon ɗumama ɗaki ba shi da wani abin da ya wuce waɗannan, sai dai kome nasa ya fi girma. Tulunsa ya kan ci lita 4 ko fiye. Lagwaninsa ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar na fitila. Kewayayye ne kamar hannun riga da aka yanke, faɗin bakinsa ya kai na gwangwanin madara ko ya fi.

Yaya mai ke hawa sama, alhali mun san ruwa gangare ya ke bi? Ku gwada da kanku. Ku sa ruwa rabin kofi, ku tsoma bakin tsumma a ciki, ku bar sauran yana rataye a waje. Jim kaɗan za ku ga laima tana hawa tsumman a hankali. Tsakanin zare da zare akwai 'yan hanyoyi ƙanana ƙwarai, su ne ke jan ruwa. Haka lagwani ke jan kananzir. Ba famfo, ba inji, ba lantarki. Sabo da haka in an sa sabon lagwani, sai a cika tulu a dakata kamar awa guda ya sha mai sosai kafin a kunna. In an yi gaggawa, zaren da kansa zai ƙone, lagwani ya lalace tun ran farko.

Ga wani abin mamaki. Ba ruwan kananzir ne ke ci ba, ba kuma lagwani ba ne. Zafin ashana ya kan mai da man da ke bakin lagwani tururi. Tururin nan ne ke gauraya da iska ya kama. Zafin wutar kuma ya ta da wani tururin, lagwani ya jawo wani man, haka a ke ta yi har tulu ya ƙare. In kuna son shaida, ku hure fitila ku duba. Wannan farin hayaƙi mai wari da ke tashi bayan ta mutu, tururin mai ne da bai sami wuta ba.

A bisa lagwani a kan kifa wasu gwangwanaye biyu ko uku, ɗaya cikin ɗaya, jikinsu duk huji. Matan da suka yi girki da risho sun san su. Aikinsu su shigo da iska ta kowane gefe, su haɗa ta da tururin mai. In iska ta wadata, wuta ta kan yi shuɗiya, ta tsaya daidai, ba hayaƙi, ba wari. In iska ta kasa, ko lagwani ya yi tsawo, ko ya yi datti, sai wuta ta yi ja ko rawaya, tana harshe, tana baƙanta gindin tukunya. Wannan baƙi mai ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba.

To, 'yan'uwa, kamar yadda mu ke koyon karanta baƙi a allo, haka za mu koyi karanta wuta. Shuɗiyar wuta tana cewa, "Lafiya lau." Wuta mai harshe da hayaƙi tana cewa, "A gyara ni, ko a kashe ni."

Wani ya kan murɗe lagwani can ƙasa don tsimin mai. Ba tsimi ba ne. In wuta ta yi ƙanƙanta ainun, gwangwanayen nan ba su yin zafin da ya kamata, mai ba ya ƙonewa sarai, ɗaki ya cika da wari. A bar shi inda maƙera suka sa alama. In ɗumi ya isa, a kashe.

Yadda ɗumi ke cika ɗaki

Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama ta ke yi. Shi ya sa hayaƙi ke tashi. Risho iri na farko, mai kama da ƙaramin durom a tsaye, da wannan ya ke aiki. Iska mai sanyi ta shiga ta gindi, ta ɗauki zafi, ta fita ta kai, ta bugi rufi ta bazu, ta huce ta sauko, ta sake shiga. Da haka ɗaki duka ya ɗumama. A tsakar ɗaki a ke ajiye irin wannan.

Iri na biyu mai kusurwa huɗu ne kamar akwati. Wutarsa tana gasa wata ragar ƙarfe har ta yi ja kamar garwashi. A bayanta akwai faranti mai ƙyalli da ke turo zafin gaba, kamar yadda madubi ke mai da hasken rana. Wanda ya zauna a gabansa nan da nan ya ke jin ɗumi, ko da sauran ɗakin bai yi ba tukuna. Akwai kuma masu fanka, da masu bututun da ke fitar da hayaƙi waje ta bango. Waɗannan na ƙarshe sun fi lafiya, amma yawancinsu sai da lantarki, sabo da haka ba mu tsaya a kansu ba.

Amfaninsa

Ba ya bukatar lantarki, wannan shi ne babba a wurinmu. A Japan, inda gidaje masu yawan gaske ke amfani da shi, sa'ad da aka yi babbar girgizar ƙasa a watan Maris na 2011 wuta ta ɗauke cikin tsananin sanyi, irin wannan risho mai lagwani ne ya rufa wa mutane da yawa asiri.

Ba jiran itace ya kama, ba hura wuta har ido ya yi ja. Minti kaɗan ɗumi ya fara. In an gama a murɗa ya mutu, ba toka, ba garwashin da zai gangaro kan tabarma. In yana cin shuɗiyar wuta, hayaƙinsa bai kai ko kusa da na itace ko kara ba, balle na kashin shanu. Masu tari da masu ciwon ido sun san bambancin.

Akwai kuma zancen gona. Ƙasarmu cike ta ke da mutane, gona na jikin gona, ba dajin da za a shiga a saro itace. 'Yan itatuwan da ke gonakinmu, ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo, kowanne da aikinsa. Kara muna sonsa don danga da abincin dabbobi. Kashin shanu taki ne. Duk abin da aka ƙone cikin waɗannan don jin ɗumi, an rage wa gona ne.

Wani amfani kuma da ba a cika lura da shi ba. In lita guda ta kananzir ta ƙone, ta kan saki tururin ruwa wajen lita guda a cikin iska. A Ingila wannan abin kuka ne, don ƙasarsu da ma da laima, bango ya yi ta gumi yana fumfuna. Mu kuwa da hunturu iskarmu busasshiya ce har hanci na tsagewa, 'yar laimar nan ba ta cutar da mu.

Su wa suka fi bukatarsa? Tsofaffi, da marasa lafiya, da jarirai, tun ba bakwaini ba, gama jikin jariri ba ya riƙe zafi. A ɗumama ɗaki rabin awa kafin a tuɓe shi a yi masa wanka, wannan taimako ne na gaske. Amma da dare ba abin da ya kai ƙirjin uwa, fata da fata, a sa masa hula a lulluɓe su tare. Zafi ma in ya yi yawa cuta ne. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikin shekarun 1970, sun ga mata masu jego da yawa da ciwon zuciya, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya bisa gado mai zafi ainun. Ɗumi a ke nema, ba gashi ba.

Wuta ma numfashi ta ke yi

Yanzu mun zo inda mu ke so kowa ya buɗe kunne. Cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani sashi da a ke kira oksijin, wajen kashi ɗaya cikin biyar. Shi ke riƙe da rai. Shi kuma wuta ke ci. Ku kifa kofin gilashi a kan kyandir mai ci, ku ga yadda zai mutu. Watau in kun kwana da wuta a ɗaki, kun kwana da baƙo mai numfashi, cinsa kuwa ya fi na kowa a ɗakin.

Bari mu auna. Kun san durom na mai, mai cin lita 200. Lita ɗaya ta kananzir ba ta ƙonewa sai ta cinye oksijin da ke cikin iska cike da durom 50. Ɗaki mai ƙafa 10 a tsawo, 10 a faɗi, 8 zuwa rufi, iskar da ke cikinsa duka wajen durom 110 ce. Ƙaramin risho yana shan rubu'in lita a awa, watau durom 12 da ɗoriya. In an toshe ɗakin nan sarai, cikin awa guda risho ya cinye wajen kashi ɗaya cikin tara na oksijin da ke ciki. Ba sai ya ƙare duka ba kafin a shiga uku. Da ya ragu kaɗan wuta ta kan canza hali, ta daina ƙona mai sarai, ta fara fitar da wata iska mai guba wadda a ke kira kabon monoksaid.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. In ta shiga huhu sai ta kama jini, kamunta kuwa ya fi na oksijin ƙarfi sau 200 da wani abu. Jini ya yi ta kewaya jiki ba ya ɗauke da abin da jiki ke bukata. Mutum ya fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In yana farke, mai yiwuwa ya tashi ya fita. In yana barci, sai barcin ya zarce.

Wani dattijo zai ce, "Malam, ai mu mun tsufa muna kwana da kasko, ga mu da ranmu." Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma a tuna da ɗakin da aka kwana a ciki. Ɗakin jinka yana numfashi ta ciyawa, ƙofarsa asabari ne, iska na shiga tana fita duk dare. Ɗakin yau na siminti ne, da rufin kwano da silin, da ƙofar ƙarfe, da tagar gilashi, ga shi an cusa tsumma a kowace kafa sabo da ƙura. Kaskon bai sake ba, ɗakin ne ya sake. Garwashin gawayi kuwa, wanda ya yi ja ya daina hayaƙi har a ke cewa ya nuna, yana fitar da wannan guba fiye da risho. Janareta ya fi su duka. Kun sha ji a rediyo an wayi gari an tarar da mutanen ɗaki guda sun mutu ba rauni a jikinsu. A irin wannan sai a ce aljanu ne, ko a ce an sa musu wani abu a tuwo, a kama zargin kishiya ko maƙwabci, zumunci ya lalace a banza. Sau da yawa abin tambaya shi ne, da wace wuta suka kwana, taga kuma a buɗe ta ke ko a rufe?

A Japan masu ƙera risho su kan rubuta a jikinsa a riƙa buɗe taga sau ɗaya ko sau biyu kowace awa. Mu abin da ya fi mana sauƙi shi ne a bar taga ɗaya a buɗe kamar faɗin yatsa biyu muddin wuta na ci. Iskar hunturu daga arewa da gabas ta ke bugowa. A toshe kafofin wannan gefe, a buɗe ta kudu ko ta yamma. Kafin a kwanta a kashe risho, a fitar da kasko waje. Bangon ƙasa mai kauri ya kan riƙe ɗumi ya yi ta saki a hankali, bargo ya ƙarasa sauran aikin. In mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, a fita da kowa waje nan take, a buɗe ƙofa, a kashe wuta. Wanda ya suma ko ya rikice a kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya da wuta aka kwana.

Ba za mu ɓoye muku ba, a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a rage amfani da kananzir a cikin gida, ko don girki, ko haske, ko ɗumi, sabo da hayaƙinsa da gobara da kuma yaran da ke shansa. A ganinmu rishon nan ya fi buɗaɗɗiyar wutar kara a tsakar ɗaki, amma bai kai a sake jiki da shi ba.

Gobara da gurɓataccen mai

A Ingila an yi ta gobara da irin tsohon rishon da iska ke sa wutarsa ta tashi, yara suka hallaka, har majalisarsu ta yi doka a 1960 a kan yadda za a ƙera shi. Na zamani yawanci suna da wani ƙarfe mai lilo a ciki. In an ture risho ko an girgiza shi, ƙarfen ya motsa, lagwani ya faɗa ƙasa, wuta ta mutu. Wanda aka kawo masa na gwanjo ya gwada wannan a tsakar gida kafin ya shiga da shi ɗaki. In bai mutu ba, ya lalace.

A ajiye shi a ƙasa mai daidai, taku ɗaya babba tsakaninsa da gidan sauro, da katifar soso, da labule. Kada a shanya tufafi a kansa. Kada a ɗauke shi yana ci. In akwai yaro mai rarrafe, kada a ɗora buta a bisa, kada kuma a bar su su biyu a ɗaki. In za a ƙara mai a kashe, a bari ya huce, a fita da shi waje.

Mun ce za mu komo kan fetur. Wasu marasa tsoron Allah su kan gauraya kananzir da fetur in fetur ya fi araha, wani lokaci kuma a zuba kananzir a jarkar da aka ɗebo fetur da ita. Irin wannan mai ya rasa haƙurin nan da muka faɗa. Tururi ya taru a tulu, da an kawo ashana sai ya fashe. A 2001 an yi wannan masifa a jihar Edo, mutane da yawa suka ƙone a gidajensu wajen kunna fitila da risho. In kun sayo mai, ku sansana. Ku ɗiga kaɗan a tafin hannu. Fetur ya kan bushe nan da nan ya bar sanyi, kananzir ya kan daɗe da maiƙo. In kuna shakka, ku ɗiga ɗigo uku a murfin gwangwani, ku kai shi fili nesa da kwalbar, nesa da danga, ku miƙa masa wuta a bakin dogon kara. Kananzir na kirki ba ya saurin kamawa in ba lagwani. Wanda ya yi fuu tun wuta ba ta taɓa shi ba, kada ya shiga ɗakinku.

In mai ya kama wuta kada a watsa ruwa, gama mai ya kan hau kan ruwa ya bi shi. A zuba yashi ko ƙasa, ko a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, kada a shafa ƙwai ko manja ko bakin mai, a rufe da tsabtataccen zane a tafi asibiti.

Kananzir fari ne kamar ruwa, mu kuwa a kwalbar lemo da gorar ruwa mu ke sayensa. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. A rataye kwalbar inda hannunsa ba ya kai. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta KANANZIR da manyan baƙaƙe ku manna a jiki. In yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin ba a ciki ya ke ba, a huhu ya ke, amai kuwa shi ke tura man cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a kai shi asibiti ko da ya ga kamar ya warware.

Lissafi

Da can kananzir man talaka ne. A 2016 gwamnati ta janye tallafin da ta ke yi masa, kafin ƙarshen 2022 kuwa lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Sabo da haka kafin a yi murna da risho sai a ɗauko alli.

Risho yana shan rubu'in lita a awa. A ce an kunna shi awa 2 bayan lisha, da awa 1 da asuba. Awa 3 ke nan, watau lita ɗaya ba rubu'i kowace rana. Tsananin sanyi kwana 60 ne, a ce. Lita 45 ke nan. In lita tana naira 1,000, an kashe naira 45,000 a ɗaki ɗaya, ban da kuɗin risho da na lagwani. Gida mai ɗaki huɗu fa? Da wannan kuɗi za a sayi barguna, da huluna da safa na yara, a liƙe tsagar bango, a yi wa ɗakin kwano rufin zana daga ciki don ya daina zubar da ɗumi. Bargo kuwa baɗi ma yana nan. Mai ƙarfi da ke da tsoho ko majinyaci a gida, in ya sa risho a ɗakin nan guda na 'yan awoyi, ya yi abin kirki. Ga sauran gida bargo ya fi.

Kafin aji na gaba kowa ya tambayo kuɗin lita a Koguna ko a kasuwar Dambatta, ya rubuta a littafinsa, ya buga shi sau 45. Ya kuma auna ɗakin da ya ke kwana da ƙafa, ya ƙirga tagoginsa, ya rubuta ta wane gefe su ke. Malamin aji zai zo da fitila, da kyandir, da kofin gilashi. Wani cikinku ya taimaka da tsumma.